Ajiye Doguwar Bindiga a Gida: A Kulle, Amma Kusa da Mai Ita

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Duk wanda doka ta ba shi izinin mallakar doguwar bindiga, ko don farauta, ko don wasan harbi, ko don kare dabbobinsa daga namun daji, akwai tambayar da dole ya amsa wa kansa: a ina bindigar za ta kwana? Idan ya yi mata ajiya mai nisa, yana fargabar kada buƙata ta taso hannunsa bai kai gare ta ba. Idan kuwa ya jingine ta a bayan ƙofa ko ya tura ta ƙarƙashin gado, to duk wanda ya shiga ɗakin ya zama abokin tarayyarsa a cikinta. Abin da za mu nuna a wannan bayani shi ne, saurin ɗauko bindiga ba daga barin ta a sake yake samuwa ba. Yana samuwa ne daga wurin da aka zaɓa mata, da irin makullin da aka sa mata, da kuma sabon da hannun mai ita ya yi da wannan makulli.

Kafin a zaɓi makulli, ya kamata a san saboda wa ake kullewa. Yawancin mutane ɓarawo ne ke fara zuwa musu a rai, alhali kuwa ɓarawo baƙo ne da zai yiwu bai taɓa zuwa ba, su kuwa yara da sauran iyali suna tare da bindigar dare da rana. A shekarar 2001 mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta wallafa wani gwaji da aka yi da yara maza 64 masu shekara 8 zuwa 12. An raba su rukuni 29, ana shigar da kowane rukuni wani ɗaki da aka ɓoye ƙaramar bindiga ta gaske a cikin aljihun tebur, bayan an gyara ta yadda ba za ta tashi ba, ana kallonsu ta wani gilashi ba tare da sun sani ba. Rukuni 21 sun gano bindigar, 16 daga cikinsu sun ɗauke ta, kuma a rukuni 10 an sami yaron da ya ja kunamarta. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da suka taɓa ta sun ce an riga an yi musu gargaɗi a kan haɗarin bindiga. Wani bincike da aka yi a karkarar jihar Alabama, wanda ya fito a 2006, ya tambayi iyaye da 'ya'yansu daban-daban, sai aka tarar cewa a cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san inda ake ajiye bindiga ba, kashi 39 cikin ɗari maganar yaran ta saɓa wa tasu. Saboda haka tarbiyya da gargaɗi suna da muhimmanci, amma ba za su tsaya a madadin makulli ba, ɓoyewa ma haka.

Akwai dalili na biyu wanda mutane ba sa son a ambata, amma shi ne mafi nauyi. A Amurka, fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a kowace shekara su ne suka harbi kansu. Wani bincike da aka yi a birnin Houston a kan matasan da suka tsira daga yunƙurin kashe kai mai tsanani ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu sun ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti biyar ba. Wannan irin ƙunci yakan zo da ƙarfi ya kuma wuce, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Sai dai bindiga ba kasafai take barin mutum ya tsira ba, domin kusan tara cikin goma na irin wannan yunƙuri da bindiga yana ƙarewa da mutuwa. A 2006 rundunar sojin Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindigoginsu a hutun ƙarshen mako, kuma bayan haka yawan masu kashe kansu a cikin rundunar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba halin mutanen aka sauya ba, tazara kawai aka sanya tsakanin hannu da makami. Wannan tazara ita ce aikin makulli a gida, kuma takan ceci matashin da ya shiga damuwa, kamar yadda takan ceci shi kansa mai bindigar a ranar da fushi ko baƙin ciki ya rufe masa ido.

To, ajiya mai kyau tana farawa ne da tabbatar da cewa babu harsashi a cikin bindigar. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ke jawo asarar rai, domin mutum yakan cire gidan harsashi ya ɗauka ya gama, alhali akwai harsashi guda da ya riga ya shige ciki yana jiran a ja kunama. Tsarin da ya dace shi ne a juya bakin bindigar zuwa inda babu kowa, yatsa yana nesa da kunama, a cire gidan harsashi tukuna, sannan a ja sakatar bindigar, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin raminsa, zuwa baya, a leƙa ramin da harsashi ke kwanciya da ido, a kuma taɓa shi da yatsa idan haske bai wadata ba. Idan aka juya wannan tsari, wato aka ja sakata kafin a cire gidan harsashi, to ana fitar da harsashi ɗaya ne ana ɗora wani. Kada kuma a dogara da ɗan maɓallin kariyar da ke jikin bindiga, domin ƙarfe ne da zai iya lalacewa, kuma yatsan yaro ma zai iya ture shi. Bayan haka sai a kulle harsasai a wani mazubi na dabam mai nasa mabuɗin.

Makullai iri-iri ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi arha shi ne kwaɗo mai igiyar ƙarfe, wanda ake zira igiyarsa ta inda gidan harsashi ke shiga ta fito ta inda kwanson harsashi ke fita, ta yadda sakata ba za ta rufu ba. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a kan kunama, shi kuwa kada a kuskura a sa shi a bindigar da ke ɗauke da harsashi, domin garin sawa ko cirewa zai iya danna kunamar. Waɗannan biyun suna hana yaro harbi, amma ba sa hana ɓarawo saɓa bindigar a kafaɗa ya je ya yanke kwaɗon a natse. Ga bindiga mai sakatar da ake ja da hannu akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi: a zare sakatar gaba ɗaya a kulle ta a wani wuri, domin ba tare da ita ba bindigar ba za ta yi harbi ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne akwatin ƙarfe da aka kafe a jikin gini. Dokokin ƙasashe da dama sun yi bayani filla-filla a kan wannan. A Ostireliya, yarjejeniyar bindigogi ta ƙasa da aka ƙulla a 1996, bayan kisan gillar da wani ɗan bindiga ya yi wa jama'a a Port Arthur, ta tanadi cewa akwatin da nauyinsa bai kai kilo 150 ba dole a kafe shi a ƙasa ko a bango, a kuma kulle harsasai dabam. A Birtaniya 'yan sanda kan duba wurin ajiya kafin su ba da lasisi, kuma akwai ma'auni na musamman, BS 7558, da ake auna ingancin akwatunan bindiga da shi. Jamus ta tsaurara nata ma'aunin a 2017. Hikimar kafewa a bayyane take, domin akwatin da mutum biyu za su iya ɗagawa ya zama kaya ne kawai da aka ɗaure wa ɓarawo. Kuma ya kamata a san iyakar ƙarfin akwatin: da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa don gidaje a Amurka suna ɗauke da shaidar cibiyar gwaje-gwaje ta UL, wadda matakinta na farko yake nufin akwatin ya jure farmakin mutum ɗaya da kayan aikin hannu na minti biyar. Jinkiri kawai akwati yake jawo wa ɓarawo, don haka a kafa shi a lungun da babu sararin zira ƙarfen ɓamɓara ta gefen ƙofarsa, inda baƙo ko ma'aikacin da ya shigo gyara ba zai gan shi ba, kuma ba ta taga ake hango shi ba.

Yanzu sai batun kusanci. Abu na farko da za a sani shi ne doka ce ke fayyace iyakarsa, kuma ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Heller, ta soke dokar birnin Washington da ta wajabta a riƙa ajiye bindiga da sassanta a rarrabe ko a kulle da makullin kunama a kowane lokaci, bisa hujjar cewa hakan ya hana amfani da ita don kare kai a gida. A Ostireliya kuwa, kare kai ba ya cikin dalilan da ake karɓa don ba da lasisi. Kanada ta yi wani sassauci mai ma'ana ga wanda ke buƙatar bindigarsa don korar namun daji a wurin da doka ta halatta harbi: zai iya ajiye ta ba a kulle ba na ɗan lokaci, amma da sharaɗin babu harsashi a cikinta. Don haka kowa ya fara da tambayar hukumar da ta ba shi lasisi.

A cikin iyakar doka, ana samun sauri ta hanyoyi masu sauƙi. Akwai siraran akwatuna da maƙalai na bango da aka ƙera don bindiga ɗaya tak, waɗanda za a iya kafawa a cikin kabad ɗin ɗakin kwana, su kuma buɗe cikin 'yan daƙiƙu. Wanda ke da bindigogi da yawa bai kamata ya nemi dukkansu su kasance kusa ba. Ɗaya ce ke buƙatar wannan, sauran su zauna a babban akwati da sakatunsu a zare. Game da nau'in makulli, mai karanta zanen yatsa yana da sauri, amma yakan ƙi buɗewa idan yatsa ya jiƙe da gumi ko ya yi datti, kuma shi da mai lambobi na lantarki duk sun dogara da batir, wanda ya kamata a sa masa ranar sauyawa tun kafin ya mutu. A ganina makulli mai maɓallan dannawa wanda ba ya amfani da lantarki ya fi dacewa da wannan aiki, domin ana iya buɗe shi a cikin duhu da lalube, kuma babu batirin da zai ci amanar mai shi. Ko wanne aka zaɓa, sai an yi ta gwajin buɗe shi, da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta, har hannu ya haddace. 'Yan daƙiƙun da buɗewar ke ci ma ba asara ba ce, domin su ne ke ba wanda ya farka daga barci a firgice damar wartsakewa ya gane ko motsin da ya ji na ɓarawo ne ko na ɗansa da ya fito shan ruwa.

Duk ƙarfin akwati, amincinsa yana hannun mabuɗinsa. Mabuɗin da aka rataye a ƙusa ko aka ɗora a saman kabad ya mayar da akwatin a buɗe, haka nan lambar sirrin da aka ɗauko daga shekarar haihuwa ko lambar waya, domin matashin gidan zai cinka ta a zama ɗaya. Mabuɗi ya kasance a jikin mai lasisi, na ajiya kuma a kulle a wani wuri da shi kaɗai ya sani, kuma a sauya lambar da zarar an yi zargin wani ya gani.

Bindigar da aka kulle tana da wani abokin gaba, wato tsatsa. Danshi yakan taru a cikin akwatin ƙarfe, musamman mai kariyar gobara, saboda allunan da aka shimfiɗa masa a ciki suna riƙe da ruwa. Ana so danshin iskar ciki ya tsaya kusa da kashi 50 cikin ɗari, kuma ana cim ma hakan da ƙunshin sinadarin silika mai tsotse laima ko ɗan sandan lantarki mai ɗumama iska. Kada a bar bindiga ta daɗe a cikin jakar tafiya mai soso, domin soson yana jan danshi ya manna shi a jikin ƙarfe. A goge ta da ɗan mai kafin a ajiye, kuma idan ƙotarta ta katako ce, a tsayar da ita bakinta yana kallon ƙasa na ɗan lokaci don kada man ya gangara ya jiƙa katakon.

Akwai kuma lokutan da makulli kaɗai bai isa ba. Idan wani a gidan ya shiga matsananciyar damuwa ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, idan rikici tsakanin ma'aurata ya kai ga barazana, idan shaye-shaye ya shigo, ko kuwa tsufa ya kawo wa mai bindigar ciwon mantuwa, to abin da ya dace shi ne bindigar ta bar gidan gaba ɗaya har al'amura su daidaita, a kuma nema wa mutumin taimakon likita. A tuntuɓi 'yan sanda ko dillalin da ke da lasisi a kan wurin da doka ta yarda a kai ta ajiya, domin a ƙasashe da yawa miƙa ta ga ɗan'uwa ko aboki marar lasisi laifi ne. A kuma rubuta sunan kamfanin da ya ƙera bindigar da lambar da ke jikinta, a ɗauki hotonta, a adana su a wajen akwatin tare da takardun lasisi, domin idan aka sace ta, waɗannan bayanai ne 'yan sanda za su fara nema, kuma a kai musu rahoto nan take.