Nawa Ya Kamata A Kashe Wajen Kare Kwamfutocin Shago Daga Muguwar Manhaja?

Assalamu alaikum, masu kallo. A garuruwa irin su Ringim, Gumel da Rano akwai shagunan da ke da kwamfutoci biyar ko goma haɗe da juna, inda ake buga takardu, ake cike wa ɗalibai fom, ake kuma adana hotuna da bayanan jama'a. Idan ɗaya ta kamu da muguwar manhaja, sau da yawa ta hanyar filashin da wani ya zo da shi a aljihu, sauran ma suna cikin haɗari.

Mai shago yakan fara duba farashin riga-kafin kwamfuta na saye, wanda ake biya duk shekara, kuma ya ƙara tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Sai dai kamata ya yi ya fara lissafin da ɗaya ɓangaren: idan muguwar manhaja ta kulle masa fayiloli a tsakiyar lokacin rajistar JAMB, kwana nawa shagon zai yi babu ciniki, nawa mai gyara zai karɓa, kuma mutum nawa za su koma wani shagon ba su dawo ba?

A watan Mayun 2017, manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tsaron Windows da manhajar ta bi ta shiga tun watan Maris, kyauta, amma da yawa ba su sabunta kwamfutocinsu ba.

Saboda haka, kafin a sayi komai, a ware kuɗin data da man janareta don sabuntawa, a kunna Microsoft Defender, wato riga-kafin da ke zuwa cikin Windows, a kuma daina saka manhajojin sata, domin arharsu takan zo da tarko. Kuɗin da ya fi cancanta a fitar shi ne na rumbun ajiya na waje, wanda za a riƙa kwafe aiki a cikinsa kowane mako sannan a cire shi, tunda idan yana jone za a iya kulle shi tare da sauran.

Kwamfutar da har yanzu take kan Windows 7, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, gara a cire ta daga intanet, a bar ta da aikin buga takardu kawai.