Dottie West: Daren da Motarta Ta Mutu a Hanya

Ranar Juma'a ce da dare, 30 ga Agustan 1991, a birnin Nashville na jihar Tennessee a Amurka. Wata mata mai shekara 58 tana tsaye a bakin titi, motarta ta mutu, ga shi ana jiran ta a dandalin Grand Ole Opry, inda duk mawaƙin kantiri yake burin hawa. Kantiri dai waƙar mutanen karkarar Amurka ce, irin ta su Jim Reeves da Kenny Rogers. Matar nan kuwa da dukansu biyun ta yi waƙa. Sunanta Dottie West.

An haife ta a 1932 a ƙauye, ita ce babba cikin 'ya'ya goma, a gidan da talauci ya yi wa katutu. Mahaifinta ya riƙa cin zarafinta, har tana shekara 17 ta yi ta maza ta kai ƙararsa, kotu ta ɗaure shi shekara 40. A wancan zamani, a irin wannan ƙauye, ba ƙaramar zuciya ba ce.

Daga nan sai waƙa. A 1965 ta zama mace ta farko a fagen kantiri da ta ci kyautar Grammy. Ta yi wa kamfanin Coca-Cola waƙar talla da ta zagaye ƙasar, sannan a ƙarshen shekarun 1970 haɗin gwiwarta da Kenny Rogers ya sake ɗaga ta sama.

Akwai wani abu da ya faru a 1963 da ke tayar da tsigar jiki. Bayan wani wasa a Kansas City, Dottie ta roƙi ƙawarta, mawaƙiya Patsy Cline, ta biyo ta a mota su koma gida. Patsy ta zaɓi jirgi. Jirgin ya faɗi, ba wanda ya tsira.

Kuɗi sun shigo, sun kuma fita. A 1990 Dottie ta karye, hukumar haraji tana bin ta bashin sama da dala miliyan ɗaya, aka yi gwanjon kayanta. Motar da ta mutu mata a daren nan ma, Kenny Rogers ne ya ba ta.

To, sai ga wani maƙwabcinta, dattijo ɗan shekara 81, ya tsaya ya ɗauke ta. Sun makara, suna sauri. A kwanar da ake sauka daga babbar hanyar Briley Parkway, inda doka ta ce kada a wuce kusan kilomita 40 a awa, suna kan kusan 88. Mota ta ƙwace, ta tashi sama, ta daki ƙasa.

A ido, Dottie ba ta ji wani ciwo ba, har cewa ta yi a fara duba tsohon. Ashe ɓarnar tana ciki: saifarta ta fashe, hantarta ta tsage. A asibitin Jami'ar Vanderbilt aka yi mata tiyata sau biyu, ana cikin ta uku rai ya yi halinsa, ranar 4 ga Satumba. Dattijon da ya tuƙa ta ya rayu.

Sai a 2018, shekara 27 bayan rasuwarta, aka sa sunanta a zauren karrama gwarazan waƙar kantiri da ke Nashville.