Lacca: Karatun tsohuwar taswirar garuruwan kwal da suka zama kufai

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Wanda aka miƙa wa tsohuwar taswira, kada ya yi saurin neman gari a tsakiyarta. Ya fara duba gefen takarda: shekarar da aka auna filin, da shekarar da aka buga. Sau da yawa akwai tazara tsakaninsu, kuma ta awon ce abin dogaro.

Sai ma'auni. Taswirorin da hukumar taswira ta Faransa, IGN, ta yi wa Nijar masu 1:200,000, santimita ɗaya kilomita biyu ce, milimita ɗaya mita 200. Bakin fensirinka kaɗai ya rufe ramin haƙar kwal da unguwar ma'aikata. Neman rami sai mai 1:50,000, ko irin ta Amurka mai 1:24,000, wadda ke nuna gidaje da ƙananan baƙaƙen murabba'i. Diga ko guduma biyu a gicciye alamar ma'adini ce. Reshen layin dogo da ya ƙare a gindin tudu ba tasha, ku nemi bakin rami a nan. Tudun da babu shi a bugun farko amma ya fito a na baya, tarin ƙasar da aka tono ce.

Inda aka fi kuskure shi ne kwashe lambobin taswira a zuba cikin GPS. Wayarku na aiki da tsarin auna wuri mai suna WGS 84, tsoffin taswirorin yankinmu kuwa an ɗora su kan wani tsohon tsari daban, Clarke 1880, sai a samu gocewar da kan kai mita ɗari ko fiye. Maganinta, ku daidaita da wurare uku da ba sa motsi: gada, mararraba, rijiyar siminti. Ban ce gulbi ba. Mu a Maraɗi mun san halinsa, ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon gari daga fadama zuwa tudu.

Amma fa taswirar doron ƙasa ba ta nuna hanyoyin da aka haƙa a ƙarƙashi. A Anu Araren ta jihar Agadas ramin kamfanin kwal na SONICHAR a buɗe yake, ana ganinsa. A Inugu ƙarƙashin ƙasa aka bi. A Centralia ta Amurka wuta ta kama tsoffin ramuka a 1962, tana ci har yau, garin ya watse, alhali tsohuwar taswira na nuna tituna da gidaje jere. Kafin a kafa tubali a irin wannan wuri, a nemo zanen ramukan kamfanin a ɗora kan taswirar, sannan a huda ƙasa a gwada.