Kafin a Kira Ta Jami'a: Makarantun da Suka Haifi ABU Zariya

(An rubuto wannan lacca daga faifan muryar da aka naɗa a wani zauren taro a Zariya, an kuma rage maimaici irin na maganar baka.)

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayena malamai, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

In ka tare ɗalibi a bakin babbar ƙofar Samaru ka tambaye shi yaushe aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, zai ce maka 1962, kuma bai yi ƙarya ba. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta, da tsangayoyi huɗu, sassa 15 da ɗalibai 426. Sai dai ba a fili fetal aka buɗe ta ba. An tarar da ajujuwa da ɗakunan gwaji da gonaki da ma'aikata suna bakin aiki. Abin da gwamnatin Sardauna ta yi shi ne ta tattaro makarantun da ke warwatse ta yi musu maɗauri ɗaya irin na tsintsiya.

Wadda ta girme su duka ita ce tashar binciken noma ta Samaru, tun 1922. Kada mu yaudari kanmu, ba don tausayin manomi Turawa suka kafa ta ba. Auduga suke so wadda za ta dace da masaƙun Ingila, da gyaɗar da jirgin ƙasa zai kwasa zuwa Ikko. Amma ilimi ba ya zama inda mai shi ya ajiye shi. Wannan tasha ce ta zama cibiyar binciken aikin gona ta IAR, kuma duk manomin da ya taɓa sayen irin masara mai suna SAMMAZ, ko wake SAMPEA, ko dawa SAMSORG, to wannan "SAM" ɗin da ke gaba Samaru ake nufi. Ku ratsa gonakin gwajin da damina ku gani: kunya-kunya a jere, kowace da ɗan allonta mai lamba, ma'aikaci na bi da littafi yana auna tsayin kara. Aikin da ake yi ke nan a wurin tun kafin a haifi iyayen yawancinku. Gonar dabbobi ta Shika, wadda ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI daga baya, ita ma tun 1928 take.

Sai Kongo, ɗaya harabar jami'ar a nan Zariya. A nan zan ɗan daɗe, don ɗaliban Samaru na da halin yi wa Kongo kallon ƙanwa, alhali ta girmi jami'ar da shekara 15. A 1947 aka buɗe ta a matsayin makarantar koyon aikin akawu: buga tafireta, ajiyar fayil, lissafin baitulmali. A 1954 ta zama cibiyar koyar da aikin mulki. Me ya kawo wannan sauyi? Mulkin kai ne ya doso, shugabannin Arewa suka duba ofisoshin gwamnati suka ga a sama Bature, a tsakiya ɗan Kudu, ɗan Arewa kuwa sai dai masinja ko ɗan doka. Aka ce to a ɗauko ma'aikatan En'e, magatakarda da ma'aji da malaman haraji, a horar da su cikin gaggawa su riƙe kujerun di'o da razdan. Da aka kawo sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa a 1960, Kongo aka riƙa turo alƙalai su koyi aiki da ita. Ku hasko dattijo da rawaninsa, wanda ya haddace Risala ya sauke Muhtasar, ya yi shekaru yana yanke hukunci, ga shi zaune a benci ana karantar da shi sashe kaza ƙaramin sashe kaza. Tsangayar koyon shari'a ta ABU daga wannan gida ta fito, shi ya sa har gobe lauyoyi da masu karatun mulki suke Kongo, ba Samaru ba.

Gine-ginen Samaru kuwa, inda yawancinku kuke ɗaukar darasi, gado ne daga kwalejin fasaha da kimiyya da ƙere-ƙere ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCAST. An kafa ta a 1952, hedikwata a Zariya, rassa a Ibadan da Inugu. Ku lura, ba ta Jihar Arewa ba ce, ta ƙasa baki ɗaya ce, kuma akasarin ɗalibanta daga Kudu suke zuwa. A nan ake karatun injiniya da zanen gine-gine, a lokacin da kwalejin jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ba ta koyar da su. Sashen zane da sassaƙa ma Zariya aka dawo da shi daga Ibadan, kuma a 1958 wasu ɗalibansa, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zane kamar a Landan suke ba, sai an cuɗa dabarar Turai da zanen gargajiyar garuruwansu. Aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Yau duk wanda zai rubuta tarihin zanen zamani a Nijeriya sai ya biyo ta Samaru, amma ɗalibai nawa ne a zauren nan suka taɓa jin sunansu?

A Kano kuma akwai kwalejin da aka buɗe a 1960 don nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero. Ta zauna ƙarƙashin ABU har ta tsaya da ƙafarta a 1977 ta zama Jami'ar Bayero.

To, wa ya ce a haɗa? A 1959 gwamnatin tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby ya duba buƙatun ƙasar na ilimi mai zurfi. Ya miƙa rahoto a 1960, kuma cikin shawarwarinsa har da kafa jami'a a Arewa. Gabas ta buɗe jami'arta a Nsukka a wannan shekara, Yamma na shirin tata a Ife. Majalisar Arewa ta zartar da doka a 1961, aka ɗauko Norman Alexander, masanin fiziks ɗan ƙasar New Zealand, ya zama shugaban jami'a na farko, Sardauna kuma ya zama uban jami'a.

A nan ne nake ganin masu ba da tarihin suke tsallake wurin da ya fi wuya. Gini ba matsala, malamai ana ɗauko su daga Ingila da Amurka da Indiya. Ɗalibai fa? Arewa na da fiye da rabin al'ummar Nijeriya, amma makarantun sakandarenta 'yan ƙalilan ne. Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda ta koma Kaduna a 1938 sannan ta dawo Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa, ita ce zakaran gwajin dafi, amma kwaleji ɗaya da 'yan tsirarun takwarorinta ba sa cika jami'a. Sai ga jami'ar Arewa an buɗe, 'yan Arewa ba su ne suka fi yawa a cikinta ba.

Ana cikin haka 1966 ta zo. Aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, rikici ya biyo baya, malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka tattara suka tafi gida. A wannan shekara aka damƙa jami'ar a hannun Dakta Ishaya Audu, likitan yara, bai ma cika arba'in ba, ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe kujerar. Ya yi shekara tara a kanta. A zamaninsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita, amma in za a tambaye ni babban aikinsa, zan ce makarantar share fagen shiga jami'a ce, SBS. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya: tunda sakandare ba ta iya kawo ɗalibi har bakin ƙofa, sai jami'a ta fita ta tarbo shi. Yaro ya gama aji biyar a Gusau ko Potiskum ko Katsina-Ala, a kawo shi Samaru, malaman jami'a su gyara masa lissafi da Turanci da kimiyya, sannan ya wuce digiri. An yi ta sukar abin, ana cewa rage darajar karatu ne. Ni ban ga haka ba. Ku je ku binciki takardun farfesoshi da manyan sakatarori da likitocin Arewa da suka yi digiri tsakanin 1970 da 1990, za ku ga da yawansu ta wannan ƙofa suka shigo. Jarrabawar share fagen shiga jami'a ta IJMB da kwalejoji ke yi a faɗin ƙasar nan, ita ma daga wannan tunani ta tsiro, kuma har yanzu ABU ce ke kula da ita.

A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar daga hannun jihohin Arewa, aka naɗa Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, shugabanta. Daga nan labarin ya sauya salo: kuɗin mai, cunkoson ɗalibai, zamanin su Dakta Bala Usman da muhawarorin da ke cika zaure har waje, da harbin ɗalibai na 1978 da na 1986. Na ga shugaban taro ya turo mini 'yar takarda karo na biyu, don haka wannan babin sai wani zama. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa abin magana.