Sharhi: Guguwar da Aka Zata, Aka Tarar da Lumana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu nesa, can rukunin Perseus, inda sama da galaksi 1,000 suka taru wuri guda, kowanne da biliyoyin taurarinsa. Kafin haskensa ya iso gare mu sai ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 240.

Sararin da ke tsakanin waɗannan galaksi ba fayau yake ba. Cike yake da iskar gas mai zafin da ya kai digiri miliyan 50, kuma in aka auna, nauyinta ya ninka na taurarin duka. Ido ba ya ganinta, sai na'urar da ke kama hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

To, a tsakiyar rukunin akwai wani ƙaton baƙin rami, wato wuri mai tsananin ƙarfin jan abu da ko haske ba ya kuɓuce masa, wanda daga kewayensa wuta ke fesowa tana huda gas ɗin. Don haka masana suka ɗauka wurin tafasa yake kamar tukunya a kan murhu.

Ranar 17 ga Fabrairun 2016 Japan ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Hitomi, wato ƙwayar ido. Bai cika sati shida ba ya tarwatse a sararin samaniya. Amma kafin ajalinsa ya leƙa Perseus. Dabarar ita ce ta jiniya: in motar tana tunkaro ka, ƙarar ta yi tsini, in ta wuce ta yi kauri. Haka hasken da ɓurɓushin ƙarfe ke fitarwa cikin gas ɗin yake sauyawa gwargwadon motsinsa.

Ashe gudun kusan kilomita 164 ne a daƙiƙa. Mu a nan sai mu riƙe baki, amma a ma'aunin wurin, tafiyar hawainiya ce.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Gas da ke zubar da zafinsa ta hanyar haske ya kamata ya huce, ya dunƙule, ya haifi taurari birjik. Bai yi hakan yadda lissafi ya nuna ba. In motsin bai taka kara ya karya ba, me ke raba zafin da ke fitowa daga wajen baƙin ramin zuwa ko'ina har ya hana gas ɗin hucewa?

Magajin Hitomi, XRISM, ya tashi a Satumbar 2023. Da ya duba rukunin Centaurus, sai ya tarar gas ɗin tsakiya na tangaɗi da gudun kilomita 130 zuwa 310 a daƙiƙa, kamar ruwa a ƙwaryar da aka bangaje. Masana na danganta wannan da karon da rukunin ya yi da wasu ƙananan rukunai tun da daɗewa, kuma suna ganin wannan gaurayawar na cikin abin da ke hana tsakiyar hucewa.