Labarin Hanta, A Tambayi Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke jin mu ta lasifika daga ɗaya ɓangaren, da 'yan'uwan da suka taho mana nan Jidda daga Makka da Ɗa'ifa, sannunku da zuwa. Allah ya ba da ladan zumunci.

Kwamitin lafiya ya ɗora mini in yi magana a kan aikin 'yarmu Dakta, wadda muka taru yi wa barka da kammala digiri na uku. Zan fara da tambayar da ake ta yi wa mahaifinta tun da labari ya bazu: a wane asibiti take zama, mu je ta duba mu? To, ba ta zama a kowane asibiti. Ba ta rubuta magani, ba ta yin allura. Aikinta bincike ne, yini take yi tana nazarin hotunan cikin idon mutane a kwamfuta tana neman alamar ciwon hanta. Na ga wani dattijonmu ya riƙe baki da ya ji haka, kuma ban ga laifinsa ba. Ina ido, ina hanta?

Babu inda likita ke kallon ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru, mutum na zaune lafiya ba a tsaga shi ba, kamar can bayan ƙwayar ido, a kan siririn tantanin da ake kira retina. Abin da suga ko hawan jini ke yi wa jijiyoyin ƙoda da na ƙwaƙwalwa a ɓoye, a nan yana yin sa a fili. Tun 1851 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya ƙera madubin leƙa wannan wuri. A 1991 kuma David Huang da James Fujimoto da Eric Swanson da abokan aikinsu a Amurka suka buga wata takarda a mujallar Science, suka nuna yadda za a yi amfani da haske a ga tantanin nan hawa-hawa, ba tare da an taɓa idon ba. Ita ce na'urar OCT. Duk wanda a cikinmu ya taɓa zuwa asibitin ido aka ce ya ɗora haɓa ya kalli ɗigon haske kada ya ƙifta, ko a asibitin Sarki Khalid na Riyad ne ko a nan Jidda, da alama ya ci moriyar waccan takarda. Sai a 2023 aka ba mutanen uku kyautar Lasker, babbar lambar yabo ta binciken lafiya, shekara 32 bayan aikin. Wanda zai shiga bincike ya shiga da haƙuri, iyayensa ma haka.

Yaya ake auna mai bincike, tunda ba shi da layin marasa lafiya a ƙofa? Malamanmu za su fi kowa saurin fahimta, domin abin ya yi kama da isnadi. Idan ka buga sakamakonka a mujalla, wani a Masar ko Caina ya ɗora aikinsa a kan naka, dole ya rubuta cewa daga wurin wance na samo. Wannan ambato shi ake ƙirgawa, shi ne lambobin da yaranmu ke gani a Google Scholar. A 2005 wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h-index: in aka ce naka 10 ne, kana da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Da shi jami'o'i ke duba wanda za su ɗauka aiki da wanda za su ƙara wa girma.

Ni dai ban ɗauki ma'aunin nan da tsarki ba. Akwai masu ambaton juna don taimakon juna, akwai mujallun da in ka biya za su buga maka ko me ka kawo. Kuma wanda ya zaɓi ciwon talakawa ba zai taɓa tara ambato kamar wanda ya zaɓi ciwon masu kuɗi ba, don masu aiki a fagensa kaɗan ne. Abin da nake dubawa shi ne su wa ke ambaton ka. Likitan ido da likitan hanta ba sa zama a taro ɗaya, ba sa karanta mujalla ɗaya. Mai binciken da ya sa waɗannan biyu suka karanta takarda ɗaya ya yi abin da lamba ba ta nunawa, kuma a wannan tsakani 'yarmu ta zaɓi ta tsaya.

Yanzu ga hanta, inda maganar ta shafi kowa a ɗakin nan. Hanta ba ta da ƙorafi. Tana iya shekara ashirin tana lalacewa mutum na zuwa aiki, yana ɗawafi, yana cin abincinsa. Ranar da ido ya yi rawaya muka ce shawara ce, ko ciki ya kumbura muka fara zargin sammu, sau da yawa ta riga ta taurare ko sankara ta kama ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna da shi. Ku dubi sahun da kuke zaune ku yi lissafi da kanku.

Rigakafin ciwon nan ma daga mai bincike ya fito, ba daga ɗakin duba marasa lafiya ba. Baruch Blumberg yana nazarin bambancin jinin al'ummomi ne, ba hanta ya fita nema ba, sai ya ci karo da wani sinadari a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, ya buga a 1965. Daga baya aka gane ɓawon ƙwayar cutar ne. Ya karɓi Nobel a 1976, aka sami allura a farkon shekarun 1980. Saudiyya ta sa ta cikin rigakafin jarirai a 1989, kuma cikin shekaru kaɗan yaran da ke ɗauke da cutar suka sauko daga kusan kashi 7 cikin 100 zuwa ƙasa da 1. Najeriya sai a 2004 ta sa ta. Ke nan 'ya'yanmu da aka haifa a nan galibi suna da kariya, mu da aka haifa a gida kafin wannan shekara galibi ba mu da ita. Ga kuma gyada da masara da muke aikowa a kawo mana: in an adana su da danshi suka yi fumfuna, suna fitar da wata guba, aflatoksin, wadda in ta haɗu da nau'in B haɗarin sankarar hanta yake ninkawa.

Akwai na biyu, wanda zaman nan ke ƙara mana: kitse a hanta. Ba sai mutum ya taɓa giya ba. Kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, da daddare, lemon kwalba, shayi mai suga cokali uku, mota daga ƙofa zuwa ƙofa saboda zafi, sun isa. Ana ƙiyasin kusan kashi 30 cikin 100 na manya a duniya suna da shi, kuma tare yake tafiya da ciwon suga, wanda a ƙasar nan yake kama kusan mutum 1 cikin 5 ko 6 na manya.

A nan ido ya shigo. An dade da sanin yana tona asirin hanta: farin ido kan yi rawaya, a cutar Wilson tagulla kan taru ta yi zobe a gefen baƙin ido, dundumi ma sau da yawa ƙarancin bitamin A ne, wanda rumbunsa hanta ce. Sabon abu shi ne ƙirƙirarriyar basira. A 2016 masu bincike na Google suka koyar da kwamfuta da hotunan cikin ido sama da 128,000 har ta iya gane ɓarnar suga kusan kamar ƙwararren likita. A 2018 suka nuna daga hoton kaɗai tana iya hasashen shekarun mutum, da ko namiji ne ko mace, da ko yana shan taba. A 2021 masu bincike a cibiyar ido ta Zhongshan a Caina suka gwada haka a kan cututtukan hanta. Na'urar ta yi ƙoƙari wajen gane sankara da hantar da ta taurare, amma a kan kitse da ciwon da bai yi nisa ba tana lalube. Kada kowa ya fita daga nan ya ce hoton ido ya maye gurbin gwajin jini. Bai maye ba. Sai dai ku yi tunani: mai ciwon suga dama ana son a ɗauki hoton idonsa kowace shekara. In wata rana hoton nan ya iya cewa "wannan a tura shi a duba hantarsa", a Ƙaramar Hukumar da ba ta da likitan hanta ko ɗaya, kun ga abin da ake nema.

Matsalar da ta fi damuna ita ce idon wa na'urar ta koya da shi. Babban rumbun bayanan Ingila, UK Biobank, mutum 500,000 ne, sama da kashi 90 cikin 100 fararen fata. Cikin idon baƙar fata ya fi duhu, cututtukanmu ma ba iri ɗaya ba ne, ga sikila da ita ma take taɓa retina. Na'urar da ba ta taɓa ganin idon Bakano ko Badamagare ba, ba mu da tabbacin za ta faɗi gaskiya a kansa. Kuma babu wanda zai tashi daga Landan ya tattara mana wannan in namu ba su yi ba.

Saboda haka kwamiti yana roƙon abu. Na san tsoron da ke hana mu gwaji: kada sakamako ya taɓa igama, wato takardar izinin zama, kada kafili, wanda ya tsaya wa mutum a zamansa, ya ji, kada auren yarinya ya lalace. Tsoro ne mai dalili, ba zan raina shi ba. Wanda bai natsu ya yi a nan ba, ya yi in ya je gida hutu, a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, gwajin jini ne ɗan ƙarami. In babu cutar, a yi allura uku. In akwai, akwai maganin da ke danne ta, ciwon hanta nau'in C kuwa yanzu ana warkewa cikin makonni 8 zuwa 12. Iyayenmu mata, jaririn da uwarsa ke da nau'in B yana bukatar allurar cikin awa 24 da haihuwa, ku riƙa tambaya. Masu suga, a je a duba ido ko da gani garau yake.

Sai asusun karatu. Shekara da shekaru in yaro ya ce likita zai zama muna sa hannu a aljihu, in ya ce bincike zai yi sai mu ce ya nemi abin yi. Kwamiti ya kawo shawarar a ware kaso ɗaya na asusun don masu bincike, shugaba zai sa a tattauna bayan an ci abinci. Takardar masu son a haɗa su da wurin gwaji tana hannun magatakarda, ta mata tana wurin shugabar mata, kuma babu wanda zai ga sunan wani. Dakta ta ce za ta amsa tambayoyi ta lasifika, amma ta roƙa kada a miƙo mata takardun asibiti.

Allah ya yi mata albarka, ya saka wa iyayenta, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.