Ba gam ba ne: yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke kamawa su saki

Maganar nan da ke yawo a wayoyi, daga Yamai har Tawa, wai akwai wani gam cikin ƙwaƙwalwa, wanda nasa ya fi ƙarfi ya fi basira. Jama'a, rabin zance ne aka ba ku.

Ku ɗauki ɗan tayi, sati uku da samuwarsa. Wata shimfiɗar ƙwayoyin halitta da ke bayansa za ta lanƙwashe, baki ya haɗu da baki, ta zama bututu. Wajen kwana 28 ya rufe, daga shi ƙwaƙwalwa da laka ke fitowa. Mai riƙe ƙwayoyin wani furotin ne da ke tsiro a jikinsu, kadirin, wanda Masatoshi Takeichi na Japan ya gano. Na fata daban, na jijiya daban. In babu kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin nono, sai ya yi laushi ya saki. Amma yawan shan nono ba ya ƙara riƙon, jiki ne ke daidaita kalsiyam ɗinsa.

To, ga inda ake ɓata. Ku ɗauki misalin ƴan kokowa biyu. Ɗaya ya kama ƙugu. Ya saki. Ya koma ƙafa. Da ya maƙale wuri guda, ina zai yi kaye? Haka bakin jijiya ke tafiya lokacin da take tsiro: ta kama gaba, ta saki baya, ta ja jiki.

Mai sa sakin kuwa abin mamaki ne. Akwai furotin mai suna NCAM. Jiki kan rataya masa doguwar sarƙar sukari, PSA, mai jan ruwa, sai ya kumbura ya yi santsi kamar yauƙin kuɓewa. Ƙwayoyi su ja da baya kaɗan, hanya ta buɗe. Ɗan tayi na da PSA mai yawa. Babba kuwa ta ragu, sai a wurare irin su hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa inda ake ɗaura sabuwar tunawa. Da aka cire PSA a ƙwaƙwalwar ɓeraye, koyo ya yi rauni. Kun gani? Riƙo ya ƙaru, koyo ya ragu. Ni a ganina wannan gwaji kaɗai ya isa ya rushe zancen gam.

Sai mahaɗar jijiya biyu, inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya saƙo. Ba a haɗe suke kamar walda ba, akwai ƴar rata da ido ba ya gani, ta wajen nanomita 20. Furotin biyu, nureksin daga wannan gefe, nuroligin daga wancan, sun riƙe hannu don mai aika saƙo ya daidaita da mai karɓa. Yaro na maimaita karatu a lakkwal, mahaɗar da ake yawan bi ta ƙara girma, kadirin ya taru ya kafa ta. Wadda aka bari, a kwance ta.

In abin ya ɓaci fa? Furotin L1, wanda ke ja wa jijiyoyi gora, gadonsa na kan kuromosom X, ƙunshin gado da namiji ke da ɗaya kacal, mace biyu, shi ya sa matsalar ta fi samun ƴaƴa maza: ruwa ya taru a kai, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafi, ƙafafu su sandare. Ba ta da yawa, kuma sanƙarau ma na kawo ruwan kai. Uwa, in kika ga kan jaririnki na girma da sauri, maɗiga ta kumbura, ki kai shi likita a auna kan, kada ki jira.